Hoton ciki a watannin farko: abin da na'ura ke gani da abin da ba ta gani



A aikinmu na tafinta muna raka mata da yawa zuwa awon ciki, kuma akwai tambayar da muke ji kusan kullum a bakin ƙofar ɗakin hoto: "Malam, abin nan ba zai ƙona ɗan ba?" Wata kuma takan ce ciki bai fi wata biyu ba, ko tasawa bai yi ba, me za a gani? Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin hoton ciki, wanda ake kira sikanin, sau ɗaya a rubuce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa matarsa, ko ƙanwarsa, ko maƙwabciya.

Bari mu fara da na'urar kanta. Ba wuta take turawa cikin jiki ba, kuma ba irin hoton ƙashi ba ne da ake yi wa wanda ya karye. Sauti take turawa, siriri ƙwarai, wanda kunnen mutum ba ya iya ji. Kunnenmu ba ya kama sautin da ya wuce bugu 20,000 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa na'urar da ake ɗorawa a kan mara tana aiki da wajen bugu miliyan 3 zuwa 5. Sautin ya shiga, ya daki abin da ke ciki, ya dawo, sai kwamfuta ta mayar da amon da ya dawo ya zama hoto. Ruwa yakan fito baƙi, ƙashi fari, nama toka-toka. Man nan mai sanyi da ake shafawa a ciki ba magani ba ne, aikinsa kawai ya kore iska tsakanin fata da kan na'ura.

Masu aikin ƙarfe a Magazin za su ji daɗin wannan. Asalin na'urar daga wajen masu walda ta fito. A 1955 wani likitan mata a birnin Glasgow na ƙasar Sikotilan, Ian Donald, ya je masana'antar tukwanen tururi inda ake amfani da sauti wajen gano tsaga a cikin walda ba tare da an yanka ƙarfen ba. Ya gwada na'urarsu a kan ƙarin da ya ciro daga cikin marasa lafiya, ya ga tana bambanta mai ruwa da mai tauri. Ya haɗa kai da wani matashin injiniya, Tom Brown, suka wallafa sakamakonsu a 1958. Tun daga nan an yi wa miliyoyin mata wannan hoto, kuma ba a samu shaidar cewa yana cutar da uwa ko ɗa ba idan ƙwararre ne ya yi shi.

Amfani na farko shi ne sanin kwanakin ciki, kuma a nan ne muke son mu daɗe, domin ya fi shafar mu. Ungozoma tana fara lissafi daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, ta ƙirga mako 40, wato kwana 280. Da yawa daga cikin matanmu ba su riƙe wannan rana ba. Wata tana kan hanya lokacin, daga wannan gari zuwa wancan. Wata tana shayarwa, jini bai dawo ba sai ga ciki. Wata tashin hankali da yunwa sun rikita mata al'ada wata da watanni, katin asibitinta na gida kuma ya tsaya can inda aka baro shi. A makonnin farko duk 'yan tayi kusan girma ɗaya suke yi, don haka idan aka auna tsawon tayi daga kai zuwa ɗuwawu kafin mako 14, kuskuren lissafi ba ya wuce kwana biyar zuwa bakwai. Idan aka bari sai watanni uku na ƙarshe, kuskuren yana iya kai mako uku. Mako uku ba wasa ba ne ga likitan da zai yanke shawara ko ciki ya wuce lokaci a tayar da naƙuda, ko kuwa bakwaini ne a yi ƙoƙarin riƙe shi. Har maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa masu ciki su haɗiye a gaban ma'aikaciya, a Ghana daga mako 16 ake fara shi, kuma sai an san kwanakin za a fara daidai.

Akwai abin da maza ya kamata su fahimta a kan wannan lissafi, domin mun taɓa ganin ya kusa kashe aure. Wani ɗan'uwa ya dawo daga tafiya, ya yi mako goma a gida, sai takardar hoto ta ce cikin matarsa mako 12 ne. Ya riƙe takardar hannunsa na rawa. Sai da ungozoma ta zaunar da shi, mu kuma muka fassara masa kalma bayan kalma: makonnin da aka rubuta suna farawa ne daga jinin ƙarshe, wato kimanin mako biyu kafin cikin ya shiga. Ciki mai mako 12 a takarda, kusan mako goma ke nan da shigarsa. A ƙara da 'yan kwanakin nan na kuskure gaba ko baya. Takardar hoto ba ta faɗar ranar da ciki ya shiga ƙeƙe-da-ƙeƙe, kuma ba ta faɗar uban ɗa. Kada kowa ya ɗauke ta ya mayar da ita hujjar zargi.

Abu na biyu da ake dubawa shi ne inda cikin ya zauna. A cikin ciki ɗari, ɗaya ko biyu ba sa isa mahaifa, suna maƙalewa a siririn bututun da ƙwai ke bi. Bututun ba ya iya miƙewa, sai ya fashe, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Gwajin fitsari zai ce akwai ciki, amma hoto ne zai nuna mahaifa babu komai. Idan an gano da wuri, ana iya magance shi kafin ya fashe. Irin wannan ciki ba ya rayuwa, kuma ba a iya mayar da shi mahaifa.

Daga wajen mako biyar ake fara ganin 'yar jakar da tayi zai zauna a ciki, bugun zuciya kuma daga wajen mako shida. Zuciyar tayi tana gudu fiye da tamu nesa ba kusa ba, tana kai bugu 170 a minti ɗaya wajen mako tara, don haka kada saurin ya tsorata ku. Idan an zo da wuri sosai ba a ga bugu ba, sau da yawa sai a ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Wannan ba hukunci ba ne, jira ne. Amma wani lokaci a dawo a tarar tayi ya daina girma, zuciya ta tsaya, alhali jini bai zuba ba. A gida mun saba cewa ciki ya kwanta, zai tashi daga baya. Muna faɗa da ladabi ga iyayenmu: tayin da zuciyarsa ta tsaya ba ya farkawa, kuma barinsa a mahaifa yana iya jawo zubar jini ko ruɓa. Ɓari yana samun tsakanin ciki 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma kusan rabinsu kuskure ne a tsarin halitta tun ranar da ƙwan mace ya haɗu da maniyyi. Ba ɗaukar ruwa ba ne, ba girgizar turoturo ba ce, ba bakin kishiya ba ne.

Tagwaye ma da wuri aka fi son a gano su, kuma Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da suka fi haihuwar tagwaye a duniya. Kafin mako 14 ne ake iya gani sarai ko kowa da mabiyiyarsa ko guda ɗaya suke rabawa. Masu raba guda ɗaya suna bukatar a riƙa duba su akai-akai, domin ɗaya yana iya janye jinin ɗan'uwansa.

Sai maganar naƙasa, wadda ita ce mutane suka fi tsoro. Tsakanin mako 11 da 14 tayi bai fi tsawon yatsa ba, milimita 45 zuwa 84, amma kai, hannuwa, ƙafafu, ciki da mafitsara duk sun bayyana. A wannan lokaci ana iya ganin manyan matsaloli, kamar ƙoƙon kan da bai haɗe ba, ko hanjin da ya fito waje ta gefen cibiya. Inda akwai ƙwararre da na'ura mai kyau, ana auna wani ɗan ruwa da ke ƙarƙashin fatar ƙeyar tayi. Idan kaurinsa ya kai milimita 3.5 ko fiye, alama ce ta a ƙara bincike a kan zuciya ko larurar da likitoci ke kira Down. Alama muka ce. Akwai 'ya'ya da yawa da aka ga wannan ruwa a ƙeyarsu aka haife su lafiya lau. Cikakken binciken gaɓoɓi kuwa sai mako 18 zuwa 22, lokacin da ɗakunan zuciya huɗu, ƙashin baya, ƙoda, leɓe da ƙwaƙwalwa suka yi girman da za a duba su ɗaya bayan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce kowace mai ciki ta samu hoto aƙalla sau ɗaya kafin mako 24, ta kuma ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa.

Na'urar tana da iyaka, kuma gara a san ta. Ba ta ganin kurumta ko makanta, ba ta auna hankali, ƙananan ramukan zuciya sukan ɓuya mata. Ba ta ganin sikila, wadda take samun kusan jarirai biyu cikin ɗari a Ghana. Wannan sai gwajin jinin uwa da uba, da na jariri bayan haihuwa, wanda aka fara yi a nan Kumasi tun 1995. Namiji ne ko mace, a watanni ukun farko zato ne kawai. Kuma hoto ba magani ba ne. Maganin da ke rage matsalar ƙashin baya da ƙoƙon kai shi ne 'yar ƙwayar nan ta folik asid, kuma aikinta a kwana 28 na farko bayan shigar ciki yake, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Mai neman haihuwa ta fara shan ta tun kafin ciki ya shiga.

Idan an ga wani abu, za a tura ku babban asibiti, a nan Kumasi galibi Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda 'yan gari ke kira Gee, a sake dubawa. Amfanin sani shi ne shiri: a haihu inda akwai likitan jarirai da ɗakin tiyata, ba a ɗaki da tsakar dare ba. Dokar Ghana, tun gyaran da aka yi mata a 1985, ta yarda likita ya kawo ƙarshen ciki a asibiti idan rai ko lafiyar uwa na cikin haɗari, ko akwai babban haɗarin naƙasa mai tsanani ga ɗan, ko cikin na fyaɗe ne. Wannan dama ce, ba tilas ba. Babu likita, babu jami'i, babu tafinta da zai yanke wa mace wannan hukunci. Tana da ikon ta nemi lokaci, ta yi shawara da mijinta, da iyayenta, da malaminta. Abin da muke roƙo kawai, kada a je wajen mai kemis ko mai jiƙe-jiƙe a ɓoye.

Mun san akwai kunya, musamman a cikin fari, inda yarinya ba ta iya buɗe baki ta faɗa ko wa uwarta. Mun san kuma ana ɓoye ƙaramin ciki saboda baki. Zuwa asibiti ba shela ba ce. Abin da aka gani a hoto sirrin mai cikin ne, kuma mu masu fassara an ɗaure mu da alkawarin rufe baki: abin da muka ji a ɗakin likita, can muke barinsa. Mace tana iya neman tafinta mace, tana iya neman a sa ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin. Idan ciki ƙarami ne sosai, wani lokaci sai an yi amfani da siririn kan na'ura ta gaba kafin a gani. Dole a yi miki bayani tukuna, a nemi yardarki, kuma kina iya cewa a'a. Wadda cikin ya same ta ta hanyar tilas, ko take tsoron abin da zai faru a gida idan an sani, ta nemi ganin jami'in kariya ita kaɗai. Ba sai ta zo da kowa ba.

Game da kuɗi, tun Yulin 2008 Ghana ta cire wa masu ciki kuɗin shiga inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, kuma 'yan gudun hijira masu rajista suna iya shiga. A fara da awon ciki a asibitin gwamnati mafi kusa, kamar na Tafo, Suntreso ko Manhyia, a karɓi littafin lafiyar uwa da ɗa, ungozoma ta rubuta takardar zuwa hoto. Idan an tura ku wurin hoto mai zaman kansa, ku tambayi farashi da ko suna karɓar katin inshora kafin a hau gado, ku kuma karɓi rasit. Masta da ke da yaro mai mata a garejinsa, don Allah a ba shi rabin yini ya raka ta.

Ranar zuwa, a riƙe katin shaida, katin inshora da littafin awo. A ci abinci, ba azumi ake yi ba. Idan cikin bai kai wata uku ba, a sha ruwa kofi biyu ko uku kamar awa ɗaya kafin lokaci, a riƙe fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana taimaka wa na'ura ta ga mahaifa. Aikin kansa ba ya wuce minti 15 zuwa 30, layi ne ke cin lokaci. Takardar sakamako a mayar wa ungozoma ta karanta, sannan a manna ta cikin littafin awo. Duk wanda aka sauya wa mazauni, ya tafi da littafin.

Kada a jira ranar hoto idan mai ƙaramin ciki, ko wadda ta yi ɓatan wata, ta ga jini, ko ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ciwo a saman kafaɗa, ko jiri har ta kusa faɗuwa. A kai ta asibiti nan take, ko da dare ne. Lambar gaggawa a Ghana ita ce 112.