Samfuri, zaure da rumbu: matsayin harshe wajen ajiyar shafukan intanet masu harshe biyu

0. Gabatarwa

Sau da yawa akan nemi malaman sashenmu da ɗalibanmu su mayar da shafukan intanet daga Faransanci zuwa Hausa. Akan ba mu jerin jimloli, mu fassara, mu miƙa, mu ɗauka aiki ya ƙare. Daga baya sai a ji cewa mai karatu a Buza ya buɗe shafin a salularsa ya tarar da Faransanci, alhali Hausar tana nan a rubuce. Laifin ba na fassara ba ne. Yana tsakanin na'urar da ke ƙera shafi da na'urar da ke ajiye shi. A cikin wannan ƴar maƙala za mu bayyana aikin na'urorin biyu, sannan mu nuna cewa tambayar da ke tsakaninsu tsohuwar tambayar masu nazarin tsarin sauti ce: wane bambanci ne yake raba ma'ana, wane ne ba ya rabawa?

Don sauƙin bayani, mu ƙaddara shafi ɗaya da ke ba da farashin kayan gona a kasuwannin gundumomin Madawa, Buza da Kaita, a jahar Tawa. Misalin namu ne muka ƙirƙira, amma buƙatar ta gaske ce: manomin albasa a kwarin Tarka yana son sanin farashin buhu kafin ya yi ciniki da dillali, kuma kuɗin da yake saka wa salularsa ƙididdigagge ne.

1. Samfuri da gurabunsa

Mafi yawan shafukan yau ba a rubuce suke gaba ɗaya ba. Abin da ke ajiye shi ne samfuri, wato zubin shafi mai gurabu, wanda Faransanci ke kira « gabarit ». Wikipedia ta Hausa ma da wannan kalma ta samfuri take amfani. Ga misali:

(1) Farashin buhun ____ a kasuwar ____ ran ____ : jika ____ .

Idan buƙata ta iso, uwar garke, wato na'urar da ke riƙe da shirin, takan duba ma'ajiyar bayanai, ta cike gurabu huɗun, ta aika da shafin. Mai nazarin harshe zai gane wannan zubi nan take: jeri ne tsayayye, kowane gurbi kuma yana da rukunin kalmomin da za su iya shiga cikinsa. Idan kasuwanni 3 ne, kaya 10, harsuna 2, samfuri ɗaya zai haifi shafuka 60 a rana.

Wahalar ita ce, uwar garke takan sake ƙera shafin a kan kowace buƙata. Mutum 1000 suka tambayi farashin albasa a Madawa, sau 1000 za ta duba ma'ajiya ta cike gurabu, ko da yake amsar ɗaya ce. Ranar da jama'a suka yi yawa sai ta gaji, kowa ya zauna jira.

2. Zaure da rumbu

Maganin shi ne a girka wata na'ura a gaban uwar garke, wadda Faransanci ke kira « proxy inverse ». Mu za mu kira ta zaure, domin aikinsu ɗaya: baƙo ba ya shiga cikin gida, a zaure ake tarbarsa, abin da yake nema a fito masa da shi. Zauren yana da rumbu, wato « cache ». Buƙata ta farko takan wuce cikin gida, a ƙera shafi, zaure ya miƙa wa mai shi, ya kuma ajiye kwafi. Sauran 999 daga rumbu za a ba su, uwar garke ba ta ma san sun zo ba.

Shirye-shiryen da ke wannan aiki sanannu ne: Squid tun 1996, nginx da Igor Sysoev ya fitar a 2004, Varnish da Poul-Henning Kamp ya rubuta a 2006 domin jaridar Verdens Gang ta ƙasar Norwe. Ƙa'idojin ajiyar suna cikin yarjejeniyar HTTP/1.1 tun 1997, an kuma sake tsara su a 2022 a takardar RFC 9111.

Ya kamata a lura da iyakar amfaninsa. Zaure ba ya gyara raunin rezo tsakanin eriya da salula a wani ƙauyen Kaita. Abin da yake ragewa shi ne lokacin ƙira da nauyin uwar garke. Idan kuma an girka shi kusa da masu karatu, yana rage nisa. Nijar ba ta da gaɓar teku, saboda haka saƙonta sai ya bi ta maƙwabta kafin ya kai wayoyin ƙarƙashin teku. Shi ya sa wurin da rumbu yake ba ƙaramin zance ba ne. Gidauniyar Wikimedia, alal misali, uwayen garkenta suna Amurka, amma ta buɗe wurin ajiya a Marsai ta Faransa a 2022, garin da wayoyin teku da yawa suke sauka.

3. Mabuɗi da gwajin musanya

Zaure ba ya karanta shafi, ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci. Da mabuɗi kawai yake gane abin da ya ajiye, kuma a asali mabuɗin shi ne adireshin shafin. Buƙatu biyu masu mabuɗi ɗaya, amsa ɗaya zai ba su.

A nan ne darasin Troubetzkoy da Martinet yake shigowa. A gwajin musanya, « commutation », mukan canza sauti ɗaya mu duba ko ma'ana ta canza:

(2) baki / baƙi. Kafa / ƙafa

Tunda ma'ana ta canza, /k/ da /ƙ/ ƙwayoyin sauti ne biyu. Amma mutumin Adar da ya ce « tahi » da Bakano da ya ce « tafi » kalma ɗaya suka faɗa. Haka ake gwada buƙata: a canza abu ɗaya a cikinta, a duba ko shafin da ya kamata ya fito ya canza. In ya canza, dole abin ya shiga mabuɗi. In bai canza ba, dole a fitar da shi. Kasuwa, kaya, rana da harshe suna raba ma'ana. Irin salular mai karatu, a misalinmu, ba ya rabawa. Kuskure iri biyu ne ke yiwuwa, za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

4. Kuskure na farko: barin abin da ke raba ma'ana

Mu ƙaddara adireshin shafin Hausa da na Faransanci ɗaya ne, uwar garke ce ke zaɓen harshe bisa saƙon da salula ta aiko. Da safe wani ma'aikaci a Yamai ya fara buɗe shafin, aka ƙera masa da Faransanci, zaure ya ajiye. Duk wanda ya biyo bayansa daga Tamaske ko Bangi Faransanci zai samu, har kwafin ya tsufa. Wannan ita ce matsalar da muka fara da ita. HTTP ta tanadi umurni mai suna Vary, wanda uwar garke ke gaya wa zaure da shi cewa harshe ma yana cikin mabuɗi. In an manta da shi, fassararmu ta zama aikin banza.

Abin ya fi muni idan shafin na mutum ɗaya ne. Ran 25 ga Disamba 2015, shagon wasannin kwamfuta na Steam ya sauya tsarin ajiyarsa a lokacin da ake kai masa hari, aka shiga ajiye shafukan waɗanda suka shiga da sunansu. Kamfanin Valve da kansa ya bayyana cewa wasu sun ga shagon da harshen da ba nasu ba, wasu sun ga shafin asusun wani, kuma abin ya shafi mutum kimanin 34,000. A lura: ɓataccen harshe da tonon asiri daga rami ɗaya suka fito. A shafinmu, wannan yana nufin wani ya ga bashin da ƙungiyar manoma take bin maƙwabcinsa.

Hausa tana da nata tarko a nan. Wakilin suna na mutum na biyu yana rarrabe jinsi:

(3) Ka shiga. / Kin shiga.

Mai fassara da ya rubuta (3) a cikin samfuri ya mayar da jinsin mai karatu abin da ke raba shafi da shafi, ba tare da ya sani ba. Ko dai a ninka shafuka 60 su zama 120, ko a ce wa mace « ka ». Amma in ya rubuta « an shiga », ko « kun shiga » na girmamawa, ko « a zaɓi kasuwa », shafi ɗaya ya wadatar da kowa. Ashe zaɓin nahawu yana da farashi a wajen na'ura.

Inda ba makawa sai an ambaci sunan mutum, akwai hanya biyu. Ta farko, a sa wa shafin alamar cewa na mutum ɗaya ne, zaure ya bar shi ya wuce ba ajiya. Haka Wikipedia take yi wa waɗanda suka shiga da sunansu. Ta biyu, a tsaga shafin: jadawalin farashi, wanda na kowa ne, a ajiye, ɗan layin gaisuwa a ƙera shi dabam, zaure ya haɗa su. Wannan dabara, ESI, kamfanonin Akamai da Oracle da wasu suka gabatar da ita a 2001, kuma Varnish yana aiki da wani sashe nata.

5. Kuskure na biyu: shigar da abin da ba ya raba ma'ana

Umurnin Vary ba ya raba gardama shi kaɗai. Saƙon harshe da salula ke aikowa jeri ne mai siffofi barkatai: wannan ta ce fr-FR, waccan fr, wata fr da en a jere. Duk shafin Faransanci ɗaya suke nema, amma zaure yana ganin mabuɗai dabam-dabam, sai ya cika rumbu da kwafin abu ɗaya, uwar garke kuma ta koma aikinta na da. Kamar mai ƙamus ne da ya ba « tafi » da « tahi » shigarwa biyu bai haɗa su ba. Ƙari a kan haka, salular da aka saita da Faransanci ba shaida ba ce cewa mai ita Faransanci yake son karantawa; sau da yawa haka mai shago ya miƙa masa ita. Hanya mafi tsabta ita ce harshe ya fito fili a cikin adireshi, /ha/ ko /fr/, mai karatu ya zaɓa da hannunsa. Wikipedia haka ta yi: ha da fr kowanne da adireshinsa.

Ƙa'idar rubutu ma tana shiga mabuɗi ta bayan gida, duk lokacin da kalmar da mutum ya rubuta ta zama ɓangaren adireshi. Duk da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, Nijar tana rubuta ƴ inda Najeriya take rubuta 'y. A tsarin Unicode ƴ harafi ɗaya ne, U+01B4. Shi kuwa 'y biyu ne, kuma alamar da ke gabansa tana da aƙalla siffa uku: U+0027, U+2019 da U+02BC, waɗanda ido da ƙyar yake rarrabewa. Ke nan kalmar « ƴaƴa » tana iya isowa zaure da mabuɗi huɗu. Haka wasali mai alamar karin sauti, kamar à, ana iya rubuta shi da lamba ɗaya ko biyu.

Dole a daidaita waɗannan siffofi kafin a ƙulla mabuɗi, kuma wannan aikin mai nazarin harshe ne. Masanin na'ura da bai san Hausa ba yana iya share duk lanƙwasa don sauƙi, ya mayar da ƙ k, ɗ d, ɓ b, sai (2) ta rushe: mai neman « baƙi » ya samu shafin « baki ». A haɗe ƴ da 'y, a bar ƙ da k a rabe. Sai dai in an yanke shawarar nuna wa kowace ƙasa rubutunta. A nan ha-NE da ha-NG sun zama shafuka biyu, kuma ya kamata a yi hakan da gangan. Haka zancen karin harshe: in ana son shafi ya yi magana da Hausar yamma, mai dirka « na » da « ta » a maimakon « ne » da « ce », samfuri na uku ke nan da mabuɗinsa.

6. Tsawon ajiya

Saura lokaci. Uwar garke takan gaya wa zaure daƙiƙa nawa kwafi zai yi yana da inganci. Bayani kan tarihin aikin raya karkara na Kaita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, ana iya ajiye shi wata guda ba asara. Farashin albasa ranar kasuwa kuwa, kwafin jiya ƙarya ne, kuma wanda ya sayar a kansa shi zai yi kuka. Idan wa'adi ya cika, ana iya tambayar uwar garke ko shafin ya canza. In bai canza ba, sai ta ba da gajeriyar amsa mai lamba 304 ba tare da sake aiko shi ba. Salula ma tana yin wannan tambaya, kuma a nan ne mai karatu yake tsimin kuɗinsa.

Ana kuma iya umurtar zaure ya ba da tsohon kwafi idan uwar garke ba ta amsawa, kamar yadda zai iya faruwa a rana irin ta 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma. Amfanin wannan ya dogara ga jimla (1): muddin gurbin rana yana cikinta a fili, mai karatu zai san farashin na yaushe ne. Samfurin da ya ce « yau » kuwa, da zarar ya kwana a rumbu ya zama maƙaryaci. Kalmomin nuni irin su « yau », « jiya », « nan » ba su da wuri a shafin da za a ajiye.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba abokan aiki da ɗalibai shawara kada su karɓi jerin jimloli su fassara a makance. A tambayi mai shirin abu huɗu: ina harshe yake a cikin adireshi, wane ɓangaren shafi ne na kowa, wane ne na mutum ɗaya, wa ya tsara daidaita haruffa, kwana nawa shafi yake yi a rumbu. Sannan a rubuta Hausar da ba ta tilasta jinsi, ba ta kuma dogara da « yau ». Abin da ya rage a bincika shi ne yadda masu karatu na Madawa, Buza da Kaita suke rubuta sunayen kaya da kasuwanni a salula a zahiri, domin a kan wannan ne za a gina jadawalin daidaitawa. Aikin fili ne da ya dace da kundin ɗalibi.