Kafin ka biya kuɗin mota 'yar Kwatano

Da wuya ka tsaya taya mota a Talata Mafara dillali bai ce maka "ai Toyota ce, ba ta mutuwa" ba. Maganar tana da tushe. A Amurka akwai masu bin diddigin ƙarkon motoci, irin su J.D. Power da Consumer Reports, kuma Toyota da Lexus sun saba fitowa a sahun gaba. Sai dai J.D. Power masu motocin da suka shekara 3 kacal take tambaya, ta ƙirga matsala nawa aka samu a kowace mota 100. Motar da ke iso mana kuwa sau da yawa ta haura shekara 15, ta ratsa hannu uku ko huɗu. Golf 3 da ke jigilar mutane da buhunan shinkafa tsakanin Bakura da Mafara tun shekarun 1990 aka ƙera ta. Babu binciken Turawan da ya auna ta a kan ramukanmu da ƙurarmu da man bumburutu.

Don haka tarihin wannan motar da ke gabanka za ka bincika. Ana gwanjon motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, kamar bayan guguwar Harvey ta 2017, a wanke su a turo Afirka ta Yamma. Ɗaga kafet ka sunsuna. Leƙa ƙarƙashin kujera: tsatsa a kan ƙarfen da take zamewa, ko busasshen laka a lungun but, alamar ruwa ne, kuma wayoyin irin wannan mota ba su daina ba da wahala. Idan mita ta nuna tafiya kaɗan amma robar birki ta suɗe har ƙarfe ya fito, wataƙila an juya mitar. Murɗa makulli kafin ka tayar: fitilun gargaɗi su kama duka, sannan su mutu. Wadda ta ƙi kamawa, wataƙila cire ta aka yi. Je da bakanikenka, ba na dillali ba.

Lambar shasi guda 17 ce, haruffa da lambobi. Ta jikin mota ta dace da ta takardar kwastam, domin a Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma wadda aka biyo da ita ta daji ana iya ƙwace ta a hanyar Gusau.

Sai kayan gyara. Abin da ya sa Peugeot 504 ta yi zamani, bayan kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, shi ne kowane gareji ya san cikinta. Yau da aka janye tallafin mai tun Mayun 2023, mutane na rububin motoci masu haɗa fetur da batir. Suna da sauƙin shan mai, gaskiya ne, amma tambayi wa zai gyara maka a Mafara, kuma ko sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna kafin a samu kayanta. Wanda mota ta mace masa a hanyar Maradun bayan la'asar, a halin tsaron da ake ciki, ba kuɗin gyara ne ke fara zo masa a rai ba.