Hattara da Ma'ajiyar Wucin Gadi a Intanet

Jama'a, a kullum ɗalibai da ma'aikata suna cika shagunan intanet na titin Jos da titin Makurɗi a Lafiya, wasu domin buga takardar jarrabawar JAMB, wasu domin cike takardar neman aiki. Akwai wani haɗari da ya kamata kowannensu ya sani.

Domin shafi ya buɗe da sauri, na'urori sukan ajiye kwafinsa, kamar yadda akawu yake ajiye takardar da aka fi nema a kan teburinsa. Wannan ita ce ma'ajiyar wucin gadi. Akwai ta cikin kwamfutar da kake amfani da ita, akwai ta kuma a na'urorin masu shafin. Matsala takan auku idan aka ajiye shafin da ke ɗauke da asirin mutum ɗaya, aka miƙa wa wanda ya zo bayansa. Wani lokaci kwafin yakan haɗa da shaidar shiga da shafi yake ba mutum bayan ya rubuta kalmar sirri. Duk wanda ya sami wannan shaida zai iya shiga asusun kamar mai shi.

Wannan ya taɓa faruwa. Ran 25 ga Disamba, 2015, kuskuren tsara ma'ajiya a kasuwar wasannin kwamfuta ta Steam, ta ƙasar Amurka, ya sa baƙi suka ga adireshi da tarihin sayayyar mutane wajen 34,000, cikin kamar sa'a ɗaya da rabi.

Saboda haka ana jawo hankalin jama'a ga waɗannan:

1. Idan ka gama aiki, danna wurin fita daga asusunka. Rufe shafi kawai bai isa ba.
2. A kwamfutar haya, buɗe tagar sirri, ka kuma goge tarihi kafin ka tashi.
3. Idan ka ga sunan wani a shafinka, kada ka taɓa kome. Sanar da masu shafin, ka sake kalmar sirrinka.
4. Masu shafuka su hana na'urorinsu ajiye shafin da ke ɗauke da bayanan mutum.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin sa'a 72 idan suka fallasa ta yadda za a iya cutar da masu su. Rigakafi dai ya fi magani.