Lasifika Iri Biyu a Akwati Ɗaya: Abin da Mai Jita Ya Kamata Ya Sani

Kiɗan jita daga arewa ya gangaro Damagaram, kayan kiɗan kuwa galibi daga kudu suke hawowa. Tsohuwar hanyar ayari ce dai, wadda ta taso daga Tarabulus, ta ratsa Agadas, ta ya da zango a unguwar Zango ta Damagaram kafin ta wuce Kano. Yau abin da ke biyo ta daga Abzin shi ne salon su Abdallah Oumbadougou da Bombino da Etran de L'Aïr, abin da ke fitowa daga kasuwannin Kano kuma amfilifaya ce da lasifika da waya, sababbi da na hannu. A tsakiyar wannan hada-hada akwai mutum guda da ba a cika ambato ba, wato mai gyaran rediyo, wanda a hannunsa muryar jitar take.

Da wuya akwatin lasifikar mai jita ya daɗe yadda ya fito daga kamfani. Lasifika ɗaya ta ƙone a wurin biki, gobe akwai wani bikin, mai gyara ya laluba shagonsa ya ɗaura wadda ta shiga ramin. Kafin a ankara akwati ɗaya ya tara lasifika biyu ko huɗu da ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba. Wasu na ganin wannan kwaɗo ne na talauci. Ni ban ga haka ba, domin a Ingila da Amurka masu kuɗinsu a hannu da gangan suke yin irin wannan haɗi, har su biya tsada a kai.

Tun da Jim Marshall ya fara ƙera amfilifayar jita a Landan a 1962, akwatinsa mai lasifika huɗu, kowace inci 12, ya zama abin koyi, kuma lasifikar kamfanin Celestion yake sakawa. Kowane samfuri da muryarsa. Wadda ake kira Greenback, mai wat 25, muryarta da taushi da ɗumi. Vintage 30, wadda ta fito a 1986, tsakiyar muryarta ce ke da kaifi, tana keta ƙarar ganguna ta isa kunne. G12T-75 kuma ƙasanta da nauyi, samanta da tsini, tsakiyarta a rame. Sai masu kiɗa suka lura cewa abin da wannan ta rasa waccan na da shi, suka riƙa haɗa Vintage 30 biyu da G12T-75 biyu a gicciye cikin akwati ɗaya. Kamfanin Bogner na Amurka ma haka yake sayar da wani akwatinsa. To, haɗin ba laifi ba ne. Laifin yana wajen yinsa da ka.

Abin da za a fara dubawa shi ne lambar om da ke rubuce a bayan kowace lasifika, 4 ko 8 ko 16. Wannan lamba ita ce gwargwadon yadda lasifikar ke taƙaita wutar da amfilifaya ke turo mata. Idan aka jera masu om 8 guda biyu, waya ta fita daga wannan ta shiga waccan, jimla 16 ke nan. Idan kuma kowace ta sha kai tsaye daga bakin amfilifaya, jimlar ta faɗo 4. Yawancin amfilifayar da ke hannun mutanenmu masu taransisto ne, kuma da yawansu ba sa jure ƙasa da om 4. Wanda ya haɗa mai om 4 da mai om 8 kai tsaye ya sauko wajen 2.7. Amfilifaya za ta yi ta zafi har ta mutu, ga kuma rabon da ba adalci: kashi biyu cikin uku na ƙarfin zai faɗa kan mai om 4 ita kaɗai. Mai tsohuwar amfilifaya irin mai kwalabe, shi nasa hatsarin ta ɗaya ɓangaren ne, kada ya kuskura ya kunna ta ya kaɗa babu lasifika a jone, taransifomarta ce za ta tafi.

Wurin da aka fi tafka kuskure shi ne lissafin wat. Mutum ya sa mai wat 25 da mai wat 60, ya tara, ya ce akwatinsa na ɗaukar 85. Ba haka ba ne. Muddin om ɗinsu ɗaya, amfilifaya raba daidai take yi musu, ba ruwanta da wace ce mai ƙarfi. Kamar a raba buhunan gero daidai wa daida tsakanin raƙumi da jaki ne: jakin ne zai faɗi iyakar kayan. Akwatin nan wat 50 ne, wato ƙaramar sau biyu. In lasifika huɗu ne kuma ƙaramarsu mai wat 25 ce, 100 ne iyaka, ko da sauran ukun kowace na ɗaukar ɗari. Babbar ba ta kare ƙaramar da komai, shi ya sa za ka ji mai jita na mamakin yadda ya sayo sabuwa mai ƙarfi, amma tsohuwar ta ƙone a makon. A nan ma a yi hattara da manyan lambobin da ake dannawa a jikin kwali, wat dubu biyu, dubu uku, da haruffan PMPO a gefe. Talla ce. Lambar da ke tare da RMS ita ce ta aiki.

Kuma wat ba shi ne ƙara ba. Wat jimiri ne, ƙara kuwa da desibel ake auna ta. Vintage 30 mai wat 60 tana ba da desibel 100 daga wat ɗaya, G12T-75 mai wat 75 tana ba da 97. Ratar 3 ɗin nan kamar ba komai, amma sai ta biyun ta sha ninkin wutar da ta farkon ta sha kafin ta kamo ta. Ashe mai yawan wat ɗin ita ce mai ƙaramar murya. Idan ratar ta wuce haka sosai, ɗaya za ta danne ɗaya, ka ɗauko lasifika biyu a bayan babur amma ɗaya jama'a ke ji.

Sai jan waya da baƙa. In aka juya su a lasifika ɗaya, wannan na tura iska gaba waccan na ja baya, muryar ta fito siririya, babu nauyi, mai jita ya yi ta ƙara wuta yana zargin amfilifaya. Alamar da ke jikin lasifika ba kullum take gaskiya ba, balle wadda aka taɓa sake wa naɗin wayar cikinta. Gwajin ba ya cin ko dala: batirin tocila mai bolt 1.5, a ɗan taɓa shi a wayar akwatin, a duba. Dukkan kwalayen fuskar lasifikun su motsa gefe ɗaya. Wadda ta saɓa, a juya wayarta.

Akwai wani haɗin da ni dai ba na goyon baya, shi ne ɗaura lasifikar wa'azi ko ta masu sa kiɗan biki a akwatin jita, musamman mai ƙaramin ƙahon nan na siririyar murya. Lasifikar jita da gangan aka yi ta gajera. Igiyar jita mafi kauri tana kaɗawa wajen sau 82 a daƙiƙa, lasifikar kuma daga wajen 5,000 take fara yin shiru, wannan shirun ne ke tace ƙaiƙayin da ke fitowa idan an cika wa amfilifaya wuta. Ƙahon ba ya tace komai, sai ya kwaso ƙaiƙayin duka ya watsa wa mutane a kunne. Wanda ya saurari yadda jitar Mdou Moctar ke kururuwa ba tare da ta soki kunne ba zai gane abin da ake asara. Lasifikar mota ita ma ana ganinta a irin waɗannan akwatuna saboda arha. Yawancinta om 4 ce, an yi ta ne don cikin mota a rufe, ba don filin biki ba.

Filin kuwa shi ne jarrabawar gaske a nan. Bikinmu a waje ake yi, babu bangon da zai dawo da murya, dole a ƙure wuta. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram na haura digiri 40, naɗin wayar da ke cikin lasifika yana fara aiki ne da zafinsa tun kafin a taɓa igiya. Lambar da kamfani ya rubuta ba a irin wannan yanayi aka auna ta ba, don haka akwatin da lissafi ya ba shi wat 50, hankali ya ce a ba shi amfilifayar da ba ta kai haka ba. In hunturu ya zo kuma ƙura ce ke shiga tsakanin naɗin da maganaɗisu, ka ji tana ƙarce-ƙarce. Akwati mai buɗaɗɗen baya ya fi shan iska, ya kuma fi shan ƙura. Mai rufaffen baya ya fi nauyin murya, sai dai lasifikun cikinsa iska ɗaya suke rabawa, mai ƙarfi na ɗan tunkuɗar kwalin mai rauni. Kafinta na iya raba su da katako a tsakiya.

Lasifikar da aka sake wa naɗi a gari, kada a dogara da lambar da ke bayanta, don kaurin waya da yawan zagayen da mai gyara ya yi su ne sabon om ɗinta. A sa mita. Mita kan nuna ƙasa kaɗan da lambar gaskiya: mai om 8 za ta nuna wajen 6, mai 16 wajen 12 ko 13. In ta nuna 3 da ɗoriya, mai om 4 ce, ko me aka rubuta a jikinta. A babban taro kuma, inda ake kafa makirfo gaban akwati don a kai muryar ga manyan lasifiku, wadda makirfon ke fuskanta ita kaɗai jama'a za su ji. Mai jita ya gwada kowace tun da rana, ya sa wa wadda ta fi masa daɗi alama da alli, ya nuna wa mai kayan sauti kafin a fara.