Shin tururin wayar salula na kashe ji?

Masu yawan amsa kira, musamman 'yan kasuwa, kan koka cewa kunnensu na ɗaukar zafi bayan doguwar magana, abin da ya sa da dama ke zargin tururin da waya ke fitarwa da lalata ji.

Wayar salula na aiki ne da zangon rediyo, wanda ƙarfinsa bai kai ya farfasa ƙwayoyin halittar jiki ba, saɓanin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iyakar tasirinsa da aka tabbatar shi ne ɗan ɗumama fata. Galibin zafin da ake ji ma daga batiri yake, da kuma manna wayar a kunne, wanda ke hana iska ratsawa.

Fargabar tana da tushe. A 2011 Hukumar Binciken Cutar Daji ta Duniya ta sanya wannan tururi cikin abubuwan da "wataƙila" ke iya jawo cutar, bisa ƙarancin hujja kan ƙarin ƙwaƙwalwa da wani ƙari da ke fitowa a jijiyar ji. Sai dai a 2024 wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyinsa ya tattara bincike 63, kuma bai gano alaƙa tsakanin amfani da waya da waɗannan cututtuka ba.

Haɗarin da babu jayayya a kansa shi ne ƙara. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, waɗanda ke mayar da sauti zuwa saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani na kashe su, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ɓarnar a hankali take tafiya, ba tare da ciwo ba, shi ya sa ba a cika lura ba sai mutum ya fara cewa "na'am?" a kowace hira.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, baligi zai iya sauraron sautin desibel 80 na awa 40 a mako. Idan ya kai desibel 90, awa huɗu kacal ke nan. Waya kuwa, idan aka ƙure ta da iyafis, tana iya haura desibel 100. A tsakiyar hayaniyar Kantin Kwari ko kusa da janareto, ƙurewar ce mutum ke yi ba tare da ya ankara ba.

Hukumar ta ba da shawarar kada sautin ya wuce kashi 60 cikin 100. Ya fi kyau a matsa wuri mai shiru kafin a amsa kira, wanda kuma har yanzu bai saki jiki da tururin ba zai iya buɗe sifika domin nisanta wayar da kai. Duk wanda ke jin kuka a kunne wanda ba ya dainawa, ko magana ta fara yi masa dishi-dishi, ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinsa.