Kafin Katafila Ta Shiga Gona: Bututun Mai da Ƙasar Noma a Iyakar Illela

Tsakanin Illela ta Nijeriya da Birnin Ƙwanni ta Nijar tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Ana cin kasuwannin juna, ana auratayya, ƙasar noma ma iri ɗaya ce: jigawa mai rairayi inda ake gero da wake da damina, da fadamu inda ake albasa da rani. A 'yan shekarun nan gonakin tsallaken iyaka sun karɓi baƙon da ba su saba da shi ba. A watan Satumba na 2019 gwamnatin Nijar ta ƙaddamar da shimfiɗa bututun ɗanyen mai daga rijiyoyin Agadem zuwa gaɓar teku a Seme, cikin Jamhuriyar Benin, tsawon kusan kilomita 2,000, a hannun kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Bututun ya ratsa jihohin Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, wato ya bi ta kudancin ƙasar inda noman yake, kafin ya fita ta wajen Gaya. A 2024 mai ya isa teku.

A ɓangaren Nijeriya kuma, a watan Yuni na 2020 aka fara aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda ake burin wata rana a zarce da shi ta Nijar har Aljeriya. Ƙasashen uku sun sa hannu a kan takardar fahimtar juna a watan Yuli na 2022. Irin waɗannan manyan bututu ba su iso Illela ba tukuna. Sai dai a watan Oktoba na 2024 a nan Illela aka ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, kuma injunan da ke share hanya su ne dai masu share layin bututu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da Hausawa suka ce ka yi wa naka.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka aikin bai wuce a tona rami, a sa ƙarfe, a rufe ba. Ramin shi ne ƙaramin abin. Da farko ana share wani ziri na fili mai faɗin mita ashirin, talatin ko fiye, a tumɓuke bishiya da kututture, a baje kunya. Gefe guda ana tara ƙasar da aka tono, ɗaya gefen kuma tireloli da injunan ɗaga bututu suna ta kai-komo har a gama walda a saukar da shi. Akan bar masa ƙasa kamar mita guda a kansa, saboda haka ramin babban bututu yakan kai mita biyu. Mai gona kadada guda, mita ɗari kowane gefe, idan zirin mita talatin ya ratsa ta, kusan kashi ɗaya cikin uku na gonarsa ke nan ya shiga ƙarƙashin taya.

Ƙasar gona hawa-hawa ce, kuma arzikinta yana can sama, cikin santimita 15 zuwa 20 na farko, iyakar inda bakin garma yake kaiwa. A nan ruɓaɓɓen kara da ganye suke. A nan kashin shanun da makiyaya suka zauna da su bayan girbi yake, da tokar murhu da sharar gida da aka yi shekaru ana kaiwa a mangala bisa jaki. A nan kuma wasu halittu suke zaune waɗanda ido ba ya gani: masu yin ƙulli a saiwar wake suna jawo mata sinadarin naitirojin daga iska, da masu kama da zare suna taya saiwar gero tsotso fosfaras, sinadarin da ƙasarmu ta fi ƙaranci a kai. A jigawar wannan yanki ruɓaɓɓen abin da ke cikin ƙasa yawanci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ɗan kaɗan ɗin nan shi ke riƙe danshi, shi ke riƙe takin zamani kada ruwa ya wanke shi. Gonar da aka ce ta gado ce mai kyau, wannan ɗan hawan ne ake nufi, kuma gumin kaka da uba ne ya tara shi.

Ƙarƙashinsa sai jar ƙasa, sai tsakuwa da marmara, a wasu wuraren har da farin dutse irin wanda ake haƙa domin siminti a Kalambaina da Malbaza. Ƙa'idar aiki ita ce a kwashe ƙasar sama a ajiye ta daban, a tara ta ƙasa daban, in an zo rufewa a mayar da kowace mazauninta. Ƙa'idar tana cin lokaci, tana cin man inji, ɗan kwangila kuwa kilomita ake ƙirga masa. Inda babu mai sa ido, sai katafila ta tura komai a haɗe. A ido gona ta koma daidai, har ta fi da santsi. Sai an yi shuka gero zai fallasa abin da aka yi: tsiro ya fito rawaya, ya tsaya gajere, zangarniya ta zo 'yar ƙarama, a miƙe sak bisa layin bututun, alhali taku goma daga nan hatsi ya rufe mutum.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna daɓen ɗaki ya san yadda ake mayar da ƙasa dutse: a yayyafa mata ruwa, a yi ta bugu. Injin da ya kai tan talatin ko arba'in, idan ya yi ta bin ƙasa mai danshi, daɓe yake yi, sai dai nasa yana nitsawa har rabin mita ko fiye, inda garmar shanu ba ta isa, balle hauya. Ƙananan kofofin da iska da ruwa suke bi sun toshe. Ruwan sama ya sauka ya kwanta ko ya gudu, saiwa ta zo ta ci karo ta lanƙwashe gefe. Gero kuwa da zurfin saiwa yake tsira idan ruwa ya ɗauke kwana goma sha a tsakiyar damina; wanda saiwarsa ta tsaya a sama shi ke fara naɗe ganye. Rairayin jigawa yana da ɗan sauƙi a wannan fanni. Fadama mai laka, irin ta kewayen tafkin Kalmalo, ita ce abin ji, domin laka mai danshi ta fi kowace ƙasa saurin danƙarewa, kuma ita ce gonar da ke kawo kuɗi.

An auna wannan a wasu ƙasashe. Lokacin da aka shimfiɗa bututun Dakota Access a Amurka a 2016, ya ratsa gonakin jihar Iowa, masana na jami'ar Iowa State suka bi sawu. A damina biyu na farko sun samu waken suya ya ragu da kashi 25 cikin ɗari a kan layin, masara kuma da kashi 15. Masana na jami'ar Ohio State da suka duba gonakin jiharsu shekara huɗu zuwa biyar bayan an binne bututun gas, sun tarar masara tana nan ƙasa da ta gefenta da wajen kashi ɗaya cikin biyar. A lura, Iowa tana da baƙar ƙasa mai zurfi da duniya ke misali da ita, tana da dokar da ta tilasta raba ƙasar sama da ta ƙasa, tana da jami'ai masu duba aiki, manomanta suna da manyan taraktoci masu fasa ƙasa. Duk da haka ga abin da ya fito. Ban ga dalilin da zai sa a zaci jigawar Illela, mai damina ta wata uku zuwa huɗu, za ta fi ta saurin farfaɗowa ba.

Akwai kuma abin da Iowa ba ta fama da shi kamar mu, wato iska. Filin da aka tsiraita da rani, babu kara babu sabara, iskar hunturu tana ɗibar lallausar ƙasarsa, guguwar farkon damina kuma ta kwaso rairayi ta binne tsiron maƙwabci. Ramin da aka cike yakan zauna bayan ruwan farko ya zama kwari, in wurin gangare ne ruwa ya mayar da shi hanya, kafin damina uku an samu kwazazzabo. Bishiya ma ba ta dawowa, domin ba a yarda mai zurfin saiwa ta tsaya a kan bututu ba. Gawo guda da aka tumɓuke ya wuce itacen wuta: yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi inuwa da rani dabbobi su taru su bar taki, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne. Manoman Maraɗi da Damagaram sun shafe shekaru tun daga wajen 1983 suna renon irin waɗannan itatuwa daga kututture har suka farfaɗo da miliyoyin kadada. Katafila tana gamawa da gawo cikin minti kaɗan.

Sai maganar diyya, inda a ganina ake yi wa manomi sakiyar da babu ruwa. Dokar mallakar ƙasa ta Nijeriya ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta ba da damar karɓe fili domin amfanin jama'a, har ta ambaci bututun mai da suna. Diyyar da ta tanada tana kan abin da mutum ya ɗora bisa ƙasa, gini ko shuka, ba a kan ƙasar kanta ba. To ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da ya fi dacewa a yi aikin domin kada ƙasa ta danƙare shi ne rani. Lokacin da masu ƙidayar diyya za su iske gona babu komai sai kututturen kara shi ma rani ne. Ko da sun iske hatsi a tsaye, kuɗin damina ɗaya za su rubuta, asarar kuwa ta damina biyar ce ko fiye. Dokar bututun mai ta 1956 ta fi faɗi: ta wajabta wa mai lasisi biyan duk wanda aikin ya cutar da filinsa, in ba a daidaita ba kotu ta yanke. Dokar 1992 ta tantance illar manyan ayyuka ga muhalli kuma ta ce a baje rahoton aikin jama'a su gani su yi magana. Manomi nawa ne a Illela aka taɓa karanta wa irin wannan rahoto da Hausa?

Wani abin da takarda ba ta gani shi ne, mai gona daban, mai nomanta daban. Akwai aro, akwai haya, akwai jingina, akwai gayaunar mata da samari cikin gandu, akwai makiyayin da burtalinsa ya yanke wata da watanni saboda buɗaɗɗen rami. Kuɗi yakan tafi ga wanda sunansa ke wurin mai gari, wanda ya zuba taki bara ya tashi a tutar babu.

Saboda haka cinikin da ya fi muhimmanci ana yin sa ne kafin injin farko ya shigo, kuma da jama'a ake yin sa, gaban uban ƙasa da malamin gona, a rubuce. A nemi a ware ƙasar sama, kuma 'yan gari su sa nasu mutum ya tsaya a kai ranar kwashewa da ranar mayarwa. A nemi kada inji ya shiga fadama tana da danshi, kuma a bi layin da ƙarfe mai fasa ƙasa kafin a mayar da ta sama, tun da bayan an mayar ba mai dawowa. A ɗauki hoton gona da waya, a ƙirga damman da ta saba bayarwa gaban shaidu, domin ranar gardama shi ne hujja. Diyya kuma a nemi ta shekaru, tana raguwa yadda ƙasa ke dawowa. Wannan duk bai shafi ranar da bututu ya fashe ba, kamar yadda aka fasa na Nijar a watan Yuni na 2024. Malalar ɗanyen mai a gona wani babi ne mai zaman kansa.

Inda aikin gama ya riga ya gama, maganin yana kusa. Akwai wata Illela a jihar Tawa, arewa da Ƙwanni, inda a ƙarshen shekarun 1980 wani shiri na asusun IFAD ya kai wasu manoma Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake raya mataccen fili. Suka dawo suka gyara tsohuwar dabarar tassa: a haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba taki cikin kowane, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin, a shuka gero a ciki. Da haka aka raya dubban kadada na fako, har mutane suka shiga sayen filin da a da ko kyauta ba mai so. Zurfin tassa bai wuce santimita ashirin zuwa talatin ba, nesa da bututun da ke mita guda a ƙasa, amma a fara sanar da masu kula da layin kafin a sa diga. Aiki ne mai cin ƙarfi, kadada guda tana ɗaukar mutum makonni, kuma tana son taki mai yawa, saboda haka kuɗin ƙwadagon da na takin su ma a sa su cikin lissafin diyya tun farko.