Ina Ungulun Mahauta Suka Tafi?

Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Zariya ko Katsina shekaru arba'in da suka wuce ya san ba a raba mahauta da ungulu. Tun da hantsi za a gan su jere bisa katanga da rufin rumfuna suna jiran mahauta su watso hanji, har yara su kan kore su da kara kamar kaji. Yau kuwa a birane da yawa na ƙasar Hausa mutum ya kan shekara bai ga ko guda ba. Akwai samarin da ba su san ta ba sai a karin magana, watau in an ce ungulu ba ta jewar banza.

Ungulun gari ita ce ƙarama, mai sanƙon kai da siririn baki, wadda fuskarta kan yi ja in ta fusata. Babbar 'yar'uwarta ta daji, mikiya, ba ta cika shiga gari ba. Ita ce a 1973 ta yi karo da jirgin sama a sararin Abijan, sama da mita 11,000 daga ƙasa. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sa ungulun gari cikin jerin waɗanda su ke bakin ƙarewa.

To, me ya dami manomi da wannan? Mutane suna ƙyamarta don tana cin mushe, alhali kuwa cin mushen nan shi ne amfaninta. Ruwan cikinta yana da tsami ƙwarai, har ya kan kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. In jaki ya mutu a bayan gari, ko akuya ta faɗi a kwata, garken ungulu kan share shi kafin ya yi wari. In babu su, sai mushen ya kwana uku ko huɗu, ƙuda su taru, karnuka da ɓeraye su samu abinci, ruwan sama kuma ya kwashe ƙazantar ya kai kududdufin da shanu ke sha.

An ga haka a Indiya. Daga wajen 1990 ungulayensu suka shiga mutuwa, har fiye da 90 cikin 100 suka ƙare, ba a san dalili ba. Daga baya aka gano wani maganin ciwon jiki ne da a ke yi wa shanu allurarsa, sunansa dikilofenak. In saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulun da ta ci naman sai ƙodarta ta lalace, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Gwamnatin Indiya ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma kafin nan karnukan da ba su da iyayengiji sun yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta mutanen da suka rasu a sanadin ɓacewar ungulu tsakanin 2000 da 2005 sun kai rabin miliyan.

A Afirka ta Yamma abin da ke cin su dabam ne. Babba shi ne farauta, gama ana sayen kai da ƙafa da gashinta don haɗa magani da surkulle, kuma tun da ta yi wuya kuɗinta ya hau, maharba suka ƙara ƙaimi. Yawanci ba ma harbi a ke yi ba, maganin ƙwari na gona a ke barbaɗa wa nama a ajiye. A 2020 an tsinci gawar ungulu fiye da 2,000 a ƙasar Gini Bisau, da yawansu an yanke kawunan. Lalle ya kamata ɗan kasuwar da ke sayar da maganin feshi ya riƙa lura da wanda ya ke sayar wa, don ba kowane mai saye ne ke da gona ba. Haka kuma makiyayin da ya sa guba a mushe don ya kashe kura ko kare, ungulu ce kan riga su zuwa.

Sa'an nan ga sare itatuwa. Ungulu ba ta sheƙa sai a dogon itace kamar rimi ko kuka ko maɗaci ko tsamiya, su kuwa masu katako da gawayi sun gama da mafi yawansu a kewayen birane. Mahauta ma yanzu ba su zubar da kome, jini da ƙashi duk kuɗi ne.

Abin da ya sa ɓarnar ke da wuyar gyaruwa shi ne ungulu ba ta da yawan haihuwa. Ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara, da rani, ta kwanta a kansa kamar kwana 50, ɗan kuma sai ya yi wata uku ko fiye kafin ya tashi. Zabuwa kan cika gida a damina guda, amma garin da ya rasa ungulu ashirin sai ya yi shekaru bai mai da su ba.

Inda su ke da saura, ƙidaya su aiki ne mai sauƙi, kuma malamin kasuwa ko akawun mahauta ya fi kowa damar yinsa. A nemi itacen da su ke kwana, a tsaya nesa kaɗan gab da magariba sa'ad da su ke komowa, a ƙirga. A rubuta ranar da wurin da adadin cikin ɗan littafi, sau ɗaya a wata, a rana iri ɗaya. Na fari-farin ƙeya su ne manya, masu duhun kai kuwa 'ya'ya ne, in ana ganinsu to ana haihuwa a kusa. Itacen da aka ga sheƙa a kai a sanar da mai unguwa don kada a sare shi.

Inda kuwa babu su, aikin ya koma kan mai dabba. Mushe a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne shi, a danne da ƙaya don karnuka. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta ko a taɓa fatar, gama alamar ciwon saifa ke nan, yana kuwa kama mutum. A rufe ta, a aika wa likitan dabbobi nan da nan.